Ranar Da Na Gaida Surukina Da Gas A Baki

Tunda labarin ya riga ni isowa Katsina, kuma kowa na ba da shi yadda ya ga dama, gara ku ji daga bakina, bakin da abin ya faru a cikinsa. Masu yawo da cewa galan guda na shanye, ni da ku sai a lahira. Kurɓa ɗaya ce, ita ma ba duka ta wuce ba.

Kun dai san a-kori-kurata, farar nan mai shan gas wadda ƙofar direba ba ta buɗuwa sai an zura hannu ta taga. Tun shigowar hunturu ta tsiro da sabon hali. Da rana lafiya lau, ka kashe ta ka shiga kasuwa ka fito, ki ɗaya ta tashi. Amma in ta kwana, sai an kai ruwa rana. Sau uku ina kai ta gareji. Bakanikena ya ce batir, na sayi batir. Ya ce hita, na canza hita huɗu. Ya ce filta, na canza filta. Kuma duk zuwan da zan yi injin na da zafinsa, sai ya murɗa ki ta tashi, ya juyo ya dube ni kamar ni ne ke buƙatar gyaran. Ni da kaina na gano dabara daga baya: in na aje ta a gangaren ƙofar gida, hanci ƙasa baya sama, da safe ba ta gardama. Ban san dalili ba, ban kuma nema ba.

Sai ga bikin ƙanwar uwargida a Daura. An sayi gado da katifa da kujeru da sif a nan Katsina, ana lissafin kuɗin motar ɗauka, na buɗe baki na ce ai ga mota a gida. Ba wanda ya roƙe ni, wannan na amsa laifina. Ranar Juma'a bayan la'asar muka ɗaure kaya, muka bi ta Mashi, muka wuce Shargalle, kusan kilomita 80 ko tari ba ta yi ba. Aka ce a bar kayan a kai, da safe 'yan jere su hau a wuce gidan ango. Ƙofar gidan Baba, surukina, an riga an kafa rumfa, wurin da ya rage wani ɗan tudu ne jikin dakali. Na haura da ita hanci sama. Gabana ya ɗan faɗi, na ce haba, dare ɗaya ne.

Gari ya waye da hazo da sanyin nan mai tsaga leɓe. Mata sun fito da tsintsiyoyi da guduma da kaskon turaren wuta, 'yan mata sun ɗare saman katifa a baya, gwaggonni biyu sun shige gaba sun cika kujerar har giya na taɓa gwiwar ɗaya. Na kunna, na jira fitilar hita ta mutu kamar mutumin da ya san abin da yake yi, na murɗa. Ta yi gurnani, ta yi ɗan tari, ta yi shiru. Na sake. Na sake. A na biyar batirin da na saya sabo ya fara jan numfashi kamar tsoho a hawan bene. Gwaggo Babba ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, ko nauyinmu ne?" Na ce a'a Gwaggo, sanyi ne kawai.

Samari suka ce a tura. Na san ba za ta yi ba, amma mutum in yana nutsewa ko kaifin takobi aka miƙa mashi kamawa yake. Suka gangaro da ita da baya, suka juya ta, suka kwashe ta da gudu, na sa giya ta biyu na saki kuloci, ta fizge, 'yan mata suka yi ihu, sif ya yi ƙara. Sau uku. Abin da turin ya ƙara mani kawai shi ne ya ɗauke ni daga lungu inda mutum goma ke kallo, ya dire ni a bakin titi gaban teburin mai shayi, inda unguwar duka ke karyawa.

A nan na gamu da Mai Rediyo. Mutanen Daura da ke karanta wannan kun san shi, ba sai na faɗa ba. Tsohon nan mai hular sanyi da ke zama a ƙarshen benci da rediyo a kafaɗa, wanda a cewarsa ya yi yaron mota zuwa Legas tun ana kashe kwabo. Ko tashi bai yi ba. Daga zaune ya leƙo ya ce, "Yaro, fulogi ne."

Yaro. Ni mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu. Na danne zuciya, na ce Baba, motar gas ce, ba ta da fulogi. Har na tsaya yi mashi bayani, don ni ma ina son taron su san ba a banza nake ba. Na ce injin gas ba ya jiran tartsatsi kamar na fetur, iska fistin ke matsewa har ta yi zafi, sai nozul ya fesa man a ciki ya kama da kansa. Hita kuwa ɗumama wurin kawai take yi da sanyin safiya. Ya saurara har na kai aya, ya kurɓi shayi, ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji ko? Ba ta ma da fulogin. To da mi za ta tashi?"

Wallahi aka fashe da dariya, kuma bayansa aka bi. Har mai shayi na gyaɗa kai.

Bari in ɗan tsaya a kan mutumin nan, don har yanzu in na tuna shi sai na ji wuyana ya yi zafi. A cikin minti talatin ya ce fulogi, ya ce lagireto, ya ce ruwa aka sayar mani a madadin mai, ya ce bakin mutane ne don kayan amarya sun yi kyau da yawa. Ya ce a jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin iska. Na ƙi, don ko ni na san fetur in ya tarar da hita da zafi ba sallama zai yi ba. Ya ce to a fesa maganin sauro. Shayin da na sa a haɗa mani, da madara da komai, na aje a kan benci na koma wajen mota, ko da na waiwayo yana hannunsa, wai kada ya huce. Daga baya na bincika, ba dangin amarya ba ne, ba dangin ango ba ne, amma uwargida ta tabbatar mani sau uku aka zuba mashi abinci a bikin nan, har da na guzuri a leda.

Na kira bakanikena. Yana ɗauka, ko gama bayani ban yi ba, ya ce, "Alhaji, iska ta sha." Watanni biyu ina kai mashi mota bai taɓa furta kalmar iska ba sai yau da nake Daura. Ya ce in buɗe bonet, a saman filta akwai wani baƙin madanni kamar murfin kwalba, in yi ta dannawa har ya yi tauri. Na danna ya fi sau ɗari. Laushi kamar gurasa. Ya ce, "To man bai zuwa. Ka zare tiyon da ya taho daga tanki, ka zuƙo da baki, yana isowa ka toshe da yatsa ka mayar." Na ce da baki? Ya ce, "Mu kullum haka muke yi." Katina ya ƙare a nan.

Sabon kaftani ne a jikina, na ɗinkin biki. Na naɗe hannu, na aje hula a kan rufin mota, na cusa kai cikin bonet. Zuƙar farko iska ce mai ɗaci. Ta biyu iska da wani ɗan fito. Na ce to, na tattara ƙarfina duka na ja ta uku kamar mai shan fura da kara.

Ya zo. Bai zo da sallama ba. Kafin in ankara ya cika mani baki fal, kumatuna sun yi kamar na mai busa algaita. Na yi maza na toshe tiyo da babban yatsa, na ɗago kai in juya in zubar.

"Salamu alaikum."

Baba ne. Cikin farar shadda sabuwa dal, babbar riga mai aiki, wadda tun wata biyu ake maganar ɗinkinta a gidana. A damansa liman. A hagunsa baffannin ango su uku, sun zo gaisuwar safe ya tarbo su daga bakin masallaci. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba.

Ku da kuke dariya, ku gaya mani mi za ku yi. In tofar a gaban surukina? Mutumin da shekara 14 da auren 'yarsa ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba? In juya mashi baya yana mani sallama? In haɗiye? An ce Katsinawa kunya gare mu ba tsoro ba, ranar na san kirarin nan ba yabo ba ne kaɗai, wani lokacin hukunci ne. Abin da jikina ya saba shi ya yi: na zube ƙasa na durƙusa. Sai dai tiyon gajere ne kuma ban yarda in sake shi ba, don in na saki man zai koma tanki wahalata ta tashi a banza. Don haka ga ni tsugune, hannu ɗaya a sama cikin bonet kamar ɗan firamare mai neman izinin fita, ɗaya a ƙirji, kumatu a kumbure, kai babu hula.

Baba ya ce, "An tashi lafiya?"

Na ce, "Mmm."

"Ya gajiyar hanya?"

"Mmm-mm."

"Ya wajen su Alhaji? Ya jikin Hajiya, da sauƙi dai?"

Na gyaɗa kai da ƙarfi, man ya yi motsi a bakina kamar ruwa a jarka. Wanda bai taɓa ɗanɗana gas ba, ba ɗaci ba ne kawai. Santsi gare shi, yana bin haƙori ɗaya bayan ɗaya, ya kwanta a ƙarƙashin harshe, tururinsa kuma ya bi ta baya ya hau hanci ya fito ta ido. Na ce a raina yanzu za su wuce. Gaisuwa ce, ba ta fi minti ɗaya ba.

Baba ya juya ga baƙinsa. Ya ce, "Wannan shi ne mijin babbar. Ɗan Katsina ne. Shi ya ɗauko mana kayan nan da motarsa, ko sisi bai karɓa ba. Yaron kirki, ba shi da yawan magana."

Babban baffan ango ya dube ni ya ce, "Ai ga alama. Irin su sun yi ƙaranci yanzu."

Sai liman ya ce tunda an haɗu, ga kayan amarya ga dangi, bari a yi addu'a. Allah ya saka mashi da alheri, ba shi da laifi, amma ban taɓa jin addu'a mai tsawon wannan ba. Ya yi wa amarya, ya yi wa ango, ya yi wa iyaye da kakanni, ya yi wa Daura da kewaye, ya roƙa mana damina mai albarka alhali muna tsakiyar hunturu. Kowa na cewa amin, ni ina "mm". Hawaye suka fara zubo mani shar-shar. Na ji ƙaramin baffan yana raɗa wa ɗan'uwansa, "Dubi bawan Allah, addu'ar ta shige shi." Wani abu kaɗan ya silale ta maƙogwaro, na ji saukarsa har cibiya. Na rufe ido. Na ce ya Rabbi Fatiha kawai, a shafa su tafi.

An kai Fatiha. An ɗaga hannu za a shafa. Daidai nan iska ta kwaso ƙurar titi ta watsa mani a fuska, hancina ya yi wani irin ƙaiƙayi tun daga can ciki. Na san mi ke tafe. Na matse, na cije, na karanto duk abin da na sani.

Atishawar da na yi, mai shayi ya ce har tantabarun kan rumfarsa sun tashi.

Daga aikin wuyan rigar Baba har gwiwa. Feshi mai kyau, ko'ina ya samu, nozul ɗin da ke cikin motar bai taɓa yin irinsa ba. Liman ya samu a hannun riga. Baffa ɗaya ya samu a takalmi. Aka yi tsit, ba ka jin komai sai rediyon tsohon nan. Kuma abin da ya fi ci mani rai, wanda har yau in na tuna da dare sai na ja bargo na rufe fuska: bakina na samun sarari, kalmar farko da ta fito, da ƙarfi kuwa, ita ce "Alhamdulillahi." Sabo. Liman ma sabo ya ja shi, ya ce, "Yarhamukallahu."

Baba ya dubi rigarsa tun daga sama har ƙasa, a hankali, kamar mai karanta wasiƙa. Ya dube ni. Da ya zage ni da na ji sanyi. Cewa ya yi, "Sannu. A ba shi ruwa." Ya ja baƙinsa suka shige gida.

Daga ƙarshen benci aka ce, "Ni dai na faɗa, fulogi ne."

Gwaggonni suka yo kaina. Wannan ta ce manja, waccan ta ce madara, Gwaggo Babba ta ce a sa mani yatsa a wuya in amayar. Allah ya kawo 'yar kawun uwargida mai aikin jinya, ta ce kada wanda ya sa shi amai, in man ya dawo ya faɗa huhu ya fi zamansa a ciki haɗari. Ta ce in kuskure baki sosai, in kuma tari ya matsa ko numfashi ya canza a wuce asibiti. Ta faɗa da fuskar aiki, ta juya, na ga kafaɗunta na rawa.

Ina zaune a kan bamba ina kurkurar baki da buta sai ga wani yaro, bai fi shekara 14 ba, gari har a gashin ido. Yaron mai injin niƙa ne na bayan layi, nasu ma gas yake sha. Ya ce, "Kawu, in duba?" Mai Rediyo ya daka mashi tsawa wai manya na magana. Na ce duba, ɗana, abin da ya rage mani a garin nan ba shi da yawa.

Bai taɓa ki ba. Tiyon da na zuƙa ya bi da yatsa, a hankali, har ƙasa inda robar ta haɗu da bututun ƙarfen da ya taho daga tanki. Ya ɗago yatsa da ƙura mai danshi. Ya lanƙwasa robar, sai ga tsaga ta buɗe baki, siririya kamar kaushin dunduniya. Na ce ba zai yiwu ba, kullum da safe sai na leƙa ƙarƙashin motar nan, ko ɗigo ban taɓa gani ba. Ya ce, "Kawu, ta nan ja ake yi, ba turawa ba. Ba mai take zubarwa ba, iska take sha. In ta kwana iskar ta shiga, man ya gangara ya koma tanki, da safe famfo ya tashi ba komai a bakinsa." Na yi shiru. Sannan na ce, to in an aje ta hanci ƙasa fa? Ya ce, "Ai tankin ya fi injin tudu ke nan, man ba shi da inda zai gangara." Wata biyu ina taƙama da dabarata, ashe ciwon nake yi wa fiffita.

Don in yarda, ya ruga ya aro farin tiyon nan da magina ke ɗaukar lebur da shi, ya haɗa tsakanin filta da famfo, ya danna madannin. Kumfa ke wucewa jere-jere kamar an girgiza lemo. Ya yanke bakin robar da reza, tsawon yatsa biyu, ya mayar, ya ɗaure da kilif ɗin da ya ciro daga aljihu. Ya sassauta ɗan ƙaramin noti a kan filta, ya yi ta dannawa, kumfa na fita, har man ya zo zalla, madannin ya yi tauri. Ya ɗaure. Ya karɓi sufana mai lamba 17 ya sassauta notin bututun nozul biyu, ya ce kowa ya janye hannu don man wurin da ƙarfi yake fita. Aka jona mana batir daga motar abokin ango. Na murɗa, bututun suka tofar da kumfa, suka tofar da mai, ya ɗaure su. Ya ce, "Yanzu."

Ta yi tari, ta kama da ƙafa uku tana rawa kamar mai zazzaɓi, ta saki farin hayaƙi da ya rufe teburin shayi ruf, sannan ta daidaita. 'Yan mata suka rangaɗa guɗa. Batir, hita huɗu, filta, kuɗin aiki sau uku, ga shaddar Baba. Abin da ake nema yatsa biyu na roba ne.

Na ba yaron naira 2,000. Kafin ya sa a aljihu Mai Rediyo ya taso, karon farko da na ga tsayinsa, ya dafa kafaɗar yaron yana gaya wa mutane ai shi ya ce mashi ya duba ta ƙasa. Na ga yaron na miƙa mashi wani abu. Kuma da za mu tafi, na zagayo in shiga, na tarar da shi a gaba tsakanin gwaggonni, rediyo a cinya, wai zai raka mu ko za ta sake mutuwa a hanya. Har gidan ango yana koya mani inda zan canza giya.

Kwana biyu ina gyatsar gas. A wajen ɗaurin aure sahun da nake ya fi kowane sarari. Duk hoton bikin da za ku gani, Baba na cikin tsohuwar shuɗiyar rigarsa ta Sallar bara, kuma duk wanda ya tambayi dalili akwai mai ba shi labari kyauta. Ƙanin uwargida ya sa mani suna Yaya Nozul, har a wayarsa haka ya aje. Da na dawo na gaya wa bakanikena abin da yaron ya gano, ya ce, "Ai dama na yi zargin haka." Ban ce mashi komai ba, don ina da sauran bashinsa na hita.

Na aika wa Baba shadda yadi goma. Ya aiko a ce an gode, Allah ya yi albarka, kuma wai ya jikin motar. Uwargida ta rantse ba da wata manufa ya tambaya ba. Ta fara maganar zuwa Daura da Sallah, na ce mata a bari dai mu gani, ayyuka sun yi yawa.

Motar kuwa yanzu ki ɗaya take tashi, amma har gobe hanci ƙasa nake aje ta. Ƙofar ce dai har yanzu. In akwai wanda ya san inda zan samu hannun ƙofa na ɓangaren direba, ko na hannu ne, ya yi mani magana.